Suna da Baitulmali: Waiwaye a Kan Tarihin Ɗaukar Nauyin Masu Raunin Fahimta a Ingila

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe sun saba kallon sauyin sunaye a matsayin al'amari na ladabi, wato al'umma ta ga wata kalma ta yi kaushi sai ta nemo mai laushi ta maye gurbinta da ita. Wannan haka yake, amma maganar ba ta tsaya nan ba. Da zarar suna ya shiga cikin doka yakan zama mabuɗin taska, domin shi ke nuna hukumar da za ta biya, da abin da za ta biya, da kuma wurin da za a ajiye wanda aka biya dominsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan dangantaka ta suna da kuɗi a cikin tarihin kula da masu raunin fahimta a ƙasar Ingila, tun daga ƙarni na 13 har zuwa shekarun nan. An zaɓi Ingila ne saboda dokokinta a kan wannan batu a rubuce suke tun da daɗewa, sannan kuma daga can ne Nijeriya ta gaji dokarta ta farko a kan lamarin.

Abin da ake nufi da raunin fahimta a nan shi ne halin da mutum ke tasowa da shi tun haihuwa ko tun yarinta, inda koyo da gane al'amura da sarrafa hidimomin yau da kullum ke yi masa wuya fiye da tsararsa. Ya sha bamban da taɓin hankali, wanda kan sami mutumin da ya riga ya yi wayo, kuma akan yi masa magani ya samu sauƙi. Bahaushe ya san wannan bambanci, don kuwa ba ya kiran dolo ko gaɓo mahaukaci. Sai dai kalmomin nan nasa duk na zagi ne, shi ya sa aka kauce musu a wannan rubutu, ban da wuraren da ake fassara tsohuwar doka wadda ita kanta da zagin aka rubuta ta.

2.0 Gonar Wawa da Gonar Mahaukaci

Doka mafi daɗewa da ta raba waɗannan rukunoni biyu a Ingila ita ce wadda ta zayyana haƙƙoƙin sarki, wadda masana ke dangantawa da ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14. Abin lura shi ne, ba don magani ko tausayi aka yi rabon ba, don fili aka yi shi. Idan magajin fili ya haukace bayan ya yi hankali, sarki zai riƙe masa filin amana, a ciyar da shi da iyalinsa daga amfanin, a mayar masa idan ya warke, kuma sarki ba ya cin komai a ciki. Idan kuwa an tabbatar da wauta aka haife shi, to, sarki zai riƙe filin har tsawon rayuwar mutumin, ya ba shi abin buƙata, ribar da ta saura ta shiga aljihun sarauta. Mai karatu da ya san babin hajaru a littattafan fiƙihu, inda ake hana safihi sarrafa dukiyarsa a damƙa ta ga waliyyi, zai ga kama a nan, sai dai a wancan babi dukiyar tana nan a matsayin ta mai ita.

Jarrabawar da ake yi ma ta kuɗi ce. Alƙali Anthony Fitzherbert na ƙarni na 16 ya siffanta wawa a doka da wanda ba zai iya ƙidaya kwabo ashirin ba, bai san uwarsa da ubansa ba, bai kuma san shekarunsa ba. To, da yake hukuncin wauta na nufin dangi sun yi asarar amfanin fili, sai mutanen gari da ake rantsarwa su yanke hukunci suka riƙa kauce masa. William Blackstone, mashahurin mai sharhin dokokin Ingila na ƙarni na 18, ya lura cewa da wuya irin waɗannan mutane su ce an haifi wani da wauta, sun fi son su ce ya rasa hankali ne daga wani lokaci. Ashe ke nan tun a wancan zamani suna yana lanƙwasawa ya bi inda kuɗi suka nufa.

Wanda ba shi da fili kuwa, wannan doka ba ta san da shi ba. Yana hannun danginsa, in sun gaza sai gundumar cocinsu ta tallafa daga harajin matalauta da dokar 1601 ta kafa. Bayan gyaran dokar a 1834 da yawa daga cikinsu sun ƙare a gidajen aikin matalauta, wasu kuma a gidajen mahaukata da dokokin 1845 suka wajabta wa larduna ginawa.

3.0 Daga Sadaka zuwa Tsarewa

Gida na farko da ya yi suna wajen kula da waɗannan mutane su kaɗai ba gwamnati ce ta gina shi ba. Wani malamin coci, Andrew Reed, shi ya jagoranci kafa shi a Landan a 1847, daga baya ya koma Earlswood a lardin Surrey a 1855. A nan ne likita John Langdon Down ya yi aiki, har ya wallafa bayaninsa na 1866 a kan yanayin da yanzu ake kira da sunansa. Da gudummawar masu hali ake tafiyar da gidan, kuma hanyar shigar yaran matalauta abar mamaki ce: masu ba da gudummawa ne ke jefa ƙuri'a, yawan ƙuri'un mutum gwargwadon yawan kuɗinsa. Saboda haka iyaye kan yi ta yawon neman goyon baya tamkar 'yan takara, yaron da bai samu ƙuri'u ba ya koma gida ya jira zaɓe na gaba. Da dai a ce sadaka tana isa, da wannan tsari bai taso ba.

Makaranta ce ta sauya girman al'amarin. Tun 1862 gwamnati ta ɗaura tallafin da take ba makarantu a kan sakamakon jarrabawar yara, sannan dokar 1870 ta yawaita makarantun firamare, ta 1880 kuma ta wajabta halarta. Yaron da a da yake kiwo ko taya uwarsa aiki ba wanda ya damu da saurin koyonsa, yanzu ya zauna a aji, kuma kowace faɗuwa tasa ragi ce a kuɗin makaranta. Daga nan sai wani suna ya yi ƙarfi, wato "feeble-minded", ma'ana mai rarraunan tunani, wanda ya rufe dubban mutanen da tsohuwar kalmar "idiot" ba ta taɓa shafa ba. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar aƙidar tace iri, wadda ke da'awar cewa talauci da laifi da haihuwar shege duk gado ne daga irin waɗannan mutane, kuma maganin abin shi ne a hana su haihuwa. Manyan 'yan siyasa sun karɓi wannan ra'ayi, ciki har da Winston Churchill lokacin da yake ministan cikin gida a 1910.

Hukumar bincike ta sarauta da ta zauna daga 1904 zuwa 1908 ita ta share fage ga dokar 1913. Dokar ta kasa mutane gida huɗu, uku bisa tsananin rauni, na huɗu kuwa waɗanda ta ce rauninsu ya haɗu da mugun hali. A ƙarƙashin wannan doka an tsare mata da dama saboda sun haihu ba aure suna kuma karɓar tallafin matalauta. 'Yan majalisa uku kacal suka ƙi amincewa da ita a ƙuri'ar ƙarshe, fitaccensu shi ne Josiah Wedgwood. An kafa hukumar sa ido ta ƙasa, aka raba nauyin kuɗi tsakanin baitulmalin tsakiya da ƙananan hukumomi, aka kuma shiga gina manyan sansanoni a bayan gari, maza daban mata daban.

A nan ya kamata a tsaya a dubi tattalin arzikin sansanin, domin shi ne ya bayyana daɗewarsa. Sansanin yana da gona da ɗakin wanki da ɗakin ɗinki da madafa, kuma mazauna cikinsa masu ɗan ƙarfi su ke yin mafi yawan aikin, har da wanka da ciyar da waɗanda ba sa iya yi wa kansu. Ladansu bai taka kara ya karya ba. Ke nan mutumin da ya fi cancanta a sallama shi ne wanda sallamarsa za ta fi jawo wa hukuma asara. Ba sai an zargi wani shugaban sansani da mugunta ba kafin a gane abin da irin wannan lissafi zai haifar.

Shekara uku bayan wannan doka, wato a 1916, Turawan mulki suka kafa wa Nijeriya dokar mahaukata. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, rabe-raben da ake ta yi a Landan bai ƙetaro teku ba. Dokar, wadda ta ci gaba da aiki a tsarin da aka yi mata a 1958, ta sa kalmar "lunatic" ta haɗa har da "idiot", wato ta cusa rukunonin biyu cikin buhu ɗaya. Inda babu suna na daban, babu kaso na daban. Abin da aka tanada shi ne tsarewa, a gidaje irin na Yaba da aka buɗe a 1907 ko kuma a gidajen yari, saura kuwa aka bar wa dangi da 'yan mishan. Sai a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka ambaci masu raunin fahimta cikin waɗanda ilimi na musamman ya shafa, tsohuwar dokar kuma ba a maye gurbinta ba sai da aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023.

4.0 Yaron da Aka Ce Ba Ya Koyuwa

Babu inda ƙarfin suna ya fito fili kamar a dokar ilimi ta 1944. Ana yabon wannan doka da cewa ita ta buɗe wa kowane yaro ƙofar sakandare kyauta, amma sashe na 57 ya ba hukumar ilimi ikon bayyana yaro a matsayin wanda ba zai iya karɓar ilimi a makaranta ba. Da an rubuta haka a kan yaro, sunansa ya fita daga rajistar ilimi ya koma ta hukumar lafiya. Ba shi da haƙƙin malami mai takardar koyarwa, ba shi da kaso a kuɗin littattafai, iyayensa kuma ba su da hukumar da za su kama da laifin rashin ba shi gurbi. In an yi sa'a ya samu wuri a cibiyar horo ta ƙaramar hukuma, in ba a yi ba ya zauna gida ko ya shiga jerin masu jiran gado a sansani. Sau da yawa sakamakon gwajin basira na ɗan lokaci kaɗan shi ke yanke wannan hukunci.

Sannan a 1948, da aka kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa, sai sansanonin suka koma ƙarƙashinta. Cikin dare ɗaya sansani ya zama asibiti, mazauni ya zama majinyaci, mai gadinsa ya zama ma'aikacin jinya, alhali mafi yawan mutanen ba su da wata cuta da ake jiran warkewarta. Sauyin ya sa kuɗin kula da su ya koma kan gwamnatin tsakiya kacokan, wanda ya ba ƙananan hukumomi dalili mai ƙarfi na tura mutum asibiti maimakon yi masa tanadi a unguwarsu da harajinsu. A cikin hukumar lafiyar kuma waɗannan asibitoci su ne 'yan bora, abin da ake kashewa a kan majinyaci ɗaya a cikinsu bai kama ƙafar na manyan asibitocin tiyata ba.

Iyaye ne suka fara tayar da ƙura. A 1946 Judy Fryd, wadda 'yarta ba ta samu makarantar da za ta riƙe ta ba, ta jagoranci kafa ƙungiyar iyaye wadda daga baya ta zama Mencap. A 1951 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ƙasar ta fitar da ɗan littafi da ke nuna kimanin mutum 50,000 na tsare ba tare da kariyar shari'a ba. A ƙarshen shekarun 1950 kuma masanin halayyar ɗan'adam Jack Tizard ya ɗauki yara 16 daga wani babban asibiti na Landan ya zaunar da su a ƙaramin gida mai suna Brooklands, aka riƙe su kamar yadda ake riƙon yara a gidan raino. Maganarsu da mu'amalarsu suka ci gaba fiye da na takwarorinsu da aka bari a asibiti. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na abin da ake kira rashin koyuwa, rashin koyarwa ne.

Dokar 1959 ta soke ta 1913, ta kuma kawo sababbin sunaye masu ma'anar "ƙasa da daidai", amma ba ta raba yaran nan da hukumar lafiya ba. Sai dokar 1970, wadda ta fara aiki a Afrilun 1971, ta soke rukunin marasa koyuwa gaba ɗaya, yara sama da 30,000 suka koma hannun hukumomin ilimi. Yaran su ne dai na jiya, gine-ginen ma galibi su ne na jiya, amma cibiyar horo ta zama makaranta, kuma dole aka nemo mata malamai da albashin malamai. A ganin mai wannan rubutu, a duk tsawon tarihin nan babu gyaran da ya kai wannan tasiri, ga shi kuwa da goge jimla ɗaya aka yi shi.

5.0 Rufe Asibitoci da Karkatar Kuɗi

A 1967 wani ma'aikacin jinya ya kai wa jaridar News of the World labarin duka da satar abincin majinyata a asibitin Ely da ke Cardiff a yankin Wales, wanda a lokacin tsarin lafiyarsa ɗaya ne da na Ingila. Kwamitin bincike ƙarƙashin Geoffrey Howe ya tabbatar da mafi yawan zargin, ministan da abin ya shafa, Richard Crossman, ya tsaya aka wallafa rahoton a 1969. A wannan shekara mutum sama da 58,000 ne ke zaune a irin waɗannan asibitoci. Takardar manufa ta 1971 ta yi alkawarin rage gadajen da kusan rabi cikin shekara ashirin, a kuma faɗaɗa gidaje da cibiyoyi a cikin unguwanni.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Kuɗin suna hannun hukumar lafiya, aikin da ake so a yi kuma na ƙananan hukumomi ne. Bugu da ƙari, asibiti ba ya rage kashe kuɗi don mutum goma sun fita, tunda tukunyar ɗumama ɗaki da madafa da masu gadi suna nan, sai an rufe shi ɗungurum ake ganin rara. Kafin a kai ga haka dole a ciyar da tsari biyu a lokaci guda. An gwada asusun haɗin gwiwa daga 1976, sannan daga 1983 aka yarda hukumar lafiya ta riƙa biyan wani kuɗi na shekara-shekara da zai bi duk wanda aka sallama zuwa ga mai karɓarsa. Turawan da kansu suka yi wa kuɗin laƙabi da gara, kamar dai amarya ake kaiwa. Laƙabin ya dace ta wata fuska da ba su nufa ba: garar ta wanda ya fito daga asibiti ce kawai, wanda iyayensa suka yi shekara talatin suna riƙonsa a gida bai samu ko anini ba.

Abin da ya fi gara tasiri ma ba a shirya shi ba. Sauyin ƙa'idojin tallafin jama'a na 1980 ya buɗe ƙofa ga duk mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan kulawa mai zaman kansa ya karɓi kuɗin gidan daga asusun tallafi na ƙasa, ba tare da an auna ko yana buƙatar zaman ba, kuma asusun ba shi da iyaka. Kuɗin da ke fita ta wannan ƙofa sun tashi daga kimanin fam miliyan 10 a 1979 zuwa sama da fam biliyan 2 a farkon shekarun 1990. Tsofaffi ne mafi yawan masu cin gajiyar, amma hukumomin lafiya sun yi amfani da ita sosai wajen kwashe masu raunin fahimta daga asibitoci. Hukumar binciken kuɗi ta nuna a rahotonta na 1986 cewa tsarin ya juya baya ga manufarsa, domin yana biyan kuɗin gado a gidan kulawa amma ba ya biyan mai taimakon da zai sa mutum ya zauna a gidansu. Rahoton Roy Griffiths na 1988 da dokar 1990, wadda ta fara aiki sosai a 1993, suka toshe ƙofar, aka mayar da kuɗin ga ƙananan hukumomi, da iyaka a wannan karo, tare da sharaɗin auna buƙata.

A daidai wannan lokaci ne ma'aikatar lafiya ta koma amfani da sunan da ke nufin naƙasar koyo, wanda shi ake amfani da shi a Ingila har yau. Dokar 1996 ta ba ƙananan hukumomi damar miƙa wa mutum kuɗin a hannunsa ya ɗauki mai taimakon da yake so. Takardar manufa ta 2001 ta yi magana a kan 'yanci da zaɓi, asibiti na ƙarshe cikin tsofaffin manyan nan, Orchard Hill, aka rufe shi a 2009. Sai dai daga 2010 tsuke bakin aljihu ya zo, tallafin gwamnatin tsakiya ga ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi cikin shekara bakwai in an yi la'akari da hauhawar farashi. Da kuɗi suka yi ƙaranci sai gardama ta koma kan wasu kalmomin, wato ko buƙatar mutum ta kai matsayin da za a biya, da kuma ko buƙatar ta lafiya ce ko ta zamantakewa. Ta farko hukumar lafiya ke biya kuma kyauta ce, ta biyu ƙaramar hukuma ke biya bayan an duba abin hannun mutum.

A wannan tsaga ce asibitin Winterbourne View da ke kusa da Bristol ya tsiro. Na kamfani ne mai zaman kansa, an kuma kira shi wurin aunawa da jinya na ɗan lokaci, amma mutane sun daɗe a ciki, hukumar lafiya tana biyan kimanin fam 3,500 a mako a kan kowane mutum ɗaya. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye na ma'aikata suna dukan mazauna wurin suna watsa musu ruwan sanyi. A wannan shekara aka rufe wurin, sannan a 2012 aka samu ma'aikata 11 da laifi, aka ɗaure shida. Gwamnati ta yi alkawarin fitar da duk wanda bai kamata ya zauna a irin waɗannan wurare ba kafin tsakiyar 2014, wa'adin ya wuce ba a cika ba, an sa wasu wa'adin su ma sun wuce. Ƙaramar hukumar da za ta karɓi mutum ita za ta nemo masa gida da masu taimako daga asusunta da ya ƙanƙance, alhali muddin yana kwance da sunan majinyaci wata taska ce ke biya. A 2024 kimanin mutum 2,000 masu naƙasar koyo ko yanayin otizim ne ke kwance a irin waɗannan asibitoci a Ingila, kuma matsakaicin zamansu ya kusa shekara biyar.